Bokiti na uku a zango ɗaya: me zan yi da maganar yaron nan?

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a maƙoshi tun shekaranjiya. Yarona yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, makarantar kwana ta maza, bana muka kai shi. Ya zo hutun tsakiyar zango ranar Alhamis. Tun daga ƙofa na ga ya faɗa, wuya duk ya fito, na ce gabza ce ba ta karɓe shi ba. Da daddare ya cire riga zai yi wanka, sai ƙanwarsa ta kira ni, wai Mama zo ki ga bayan Yaya. Shatar duka ce a jere, wasu sun bushe wasu sababbi, akwai ɗaya a gefen haƙarƙari har ta yi ruwa. Na tambaye shi, wai faɗuwa ya yi a filin ƙwallo. Wace faɗuwa ce ke yin layi-layi fisabilillahi?

Sai jiya kakarsa ta ja shi ɗaki ta dama masa fura, sannan ya buɗe baki. Wani siniya ne ɗan aji shida. Kullum kafin kiran assalatu yaron zai ɗebo masa ruwan wanka, ya wanke masa kaya, garinsa da suga da ƙuli duk ya karɓe tun satin farko. Ranar da layin famfo ya yi tsawo ya makara, wayar caja yake naɗewa ya zane shi. Bokiti uku na saya a zangon nan, ina ta yi masa faɗan sakaci, ashe ƙwacewa ake yi. Abin da ya fi ƙona min rai, ya roƙi kakarsa kada ta faɗa mana, wai in aka ji za a ce shi infoma ne.

Babansa ya ce a bar maganar, kowa haka ya yi bodin. Ni zuciyata ta ƙi. In cire shi ne, ko in je makarantar?

Admin: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Tun kafin a yi nisa, don Allah kada kowa ya kama sunan makaranta ko na malami ko na ɗan wani a nan. Wanda ya yi zan goge.

Baban Ummi: Hajiya, da haƙuri, amma ina bayan maigidanki. Mu da muka yi kwana a shekarun 1990 babu irin gwale-gwalen da ba mu sha ba. Tsallen kwaɗo daga hostal har dainin, kamun kunne a rana, noman filin makaranta da lauje maras kaifi. Ga mu nan ba mu mutu ba, shi ya sa ma muka iya zama da mutane. Yaran yanzu an shagwaɓa su da yawa. Shekara biyar ce, shi ma zai zama siniya.

Sista Rabi: Baban Ummi, "shi ma zai zama siniya" ɗin nan ita ce cutar ai. Wato ya yi haƙuri ya tara, ya sauke a kan ɗan wani. Kuma tsallen kwaɗo daban, wayar caja daban. Ni a asibiti nake, na wanke irin wannan ciwon ba sau ɗaya ba. Waya tana fasa fata, yaro ya rufe da riga kwana da kwanaki cikin zufa da datti, sai ya ɗuri ruwa zazzaɓi ya biyo baya. Maman Walid, kafin komai ki kai shi a duba wancan na haƙarƙarin yau, kada ki jira Litinin. Ki ɗauki hoto da wayarki, ki adana katin asibiti. Sannan ki lura da barcinsa, yana firgita? Ya dawo da fitsarin kwance?

Maman Walid: Sista kamar kina gidan. Daren jiya ya jiƙa katifa, rabonsa da haka tun yana aji biyu na firamare. Da asuba na tarar ya fitar da ita bayan ɗaki da kansa don kada a gani.

Ɗan Kaura: Hajiya ki turo min sunan yaron ta bayan fage kawai. Ina da ƙanne a unguwa, ranar bizitin za su gaishe shi. Daga ranar ko kallon ɗanki ba zai ƙara yi ba.

Admin: Ɗan Kaura, a'a. Ba a nan ba.

Malam Bube: Salamu alaikum. Na ga saƙon tun da sahe, na bari in gama karanta na kowa. Ni shekara 31 ina koyarwa, 12 daga ciki ni ad da riƙon hostal, kahin in aje aiki. Baban Ummi, ina son in tambaye ka abu guda. Lokacin da kuka yi naku bodin, ina hausmasta shika kwana?

Baban Ummi: A kwatas ɗin malamai mana, bayan hostal ɗinmu kaɗan. Muna jin tarinsa ma.

Malam Bube: To ka ba kanka amsa. Siniyan zamaninku shina da iyaka, don ya san in ihu ya yi yawa wani dattijo na hitowa da tocila da bulala tai. Yanzu je ka duba kwatas ɗin malamai a makarantu da dama. Tun da anka sace 'yan mata a makarantar Jangebe malamai sunka fara kwashe iyalansu suna komawa cikin gari, kuma ban ga laihinsu ba, kowa na son ranshi. Ana sallame la'asar malami ya hau mashin. Daga magariba har wayewar gari makaranta tana hannun yara 'yan shekara 17 da maigadi tsoho guda da sanda. Wanga ba horo ba ne, mulki ne anka bar ma yara babu mai duba su. Abin da kunka sha da abin da ɗiyanku ka sha yanzu sunan ne kawai guda.

Abdul Tudun Wada: Malam ya taɓo inda nake so. Ni a ganina muna maganar ƙaiƙayi ne an bar kuturta. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe aka kwashi yara 279 cikin dare. Ranar 17 ga Yuni na shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, wasu daga cikin 'yan matan sai 2023 suka ga gida. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun jihar nan ta Zamfara gaba ɗaya, aka kuma yanke mana layin waya. A 2023 ɗaliban jami'ar tarayya aka ɗauka a Sabon Gida, nan bakin Gusau. Ga na Maga a Danko-Wasagu, Nuwamba 2025, 'yan mata 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Iyayen waɗannan da za a ce musu bokiti kawai za a ƙwace wa 'ya'yansu ai da sun yi sadaka. A fara yi mana katanga da jami'an tsaro tukuna.

Hajiya Kulu: Abdul ka ji tsoron Allah. Uwa ta zo da ɗanta baya duk a farfashe kana ce mata ƙaiƙayi? Don gidan maƙwabci ya ƙone sai a ce wanda kunama ta harba kada ya yi kuka?

Abdul Tudun Wada: Ba haka nake nufi ba Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Cewa na yi a san abin da ya fi gaggawa.

Malam Bube: Abdul, ba abu biyu ba ne kamar yadda kake gani. Bari in ba ka wani labari. Wata shekara, ana cikin zaman ɗar-ɗar ɗin nan, wasu yara 'yan aji ɗaya guda biyu sunka tahi ɗibar ruwa wajen ƙarhe huɗu na dare, siniya ya aike su. Sunka ga hasken tocila da mutane a kan mashin bayan katanga, wajen da ta rushe. Ka san sai yaushe munka ji? Bayan kwana tara. Da nit tambaye su mi ya hana ku faɗi, ɗayan yac ce in sun faɗi za a tambaye su mi ya hitar da su da dare, siniya zai shiga uku, su kuma su shiga tara. Allah ya tsare, ba a yi komai ba, wataƙila ma masu wucewa ne. Amma tun rannan na san yaron da anka koya ma rufe baki kan bayanshi, zai rufe baki kan katanga. Kuma juniya shi ka yawo da dare, shi ka zuwa bayan gida can nesa, shi ka ganin abin da maigadi bai gani ba. Kana iya kawo Sibil Difens da Askarawa ka jera bakin get, in yaran ciki ba su iya magana, ka tsare ƙofa ne ka bar taga.

Malama Saratu: Kalmar nan ta infoma ita ta fi tayar min da hankali a duk labarin. Mu nan Zamfara mun san abin da take nufi, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, mun san mutanen da aka rasa saboda an laƙaba musu ita, da gaskiya ko da ƙarya. Yaro ɗan shekara 11 yana jin manya na faɗinta da irin muryar da ake faɗinta, sannan a ce masa in ka kai ƙara kai ne wannan. Ai ba zai taɓa faɗa ba. Da muna yara "mai kai gulma" ake cewa, a yi maka waƙa kwana biyu a manta.

Kuma kada a ɗauka abin na makarantar kwana ne ko na maza kaɗai. Ni a ta 'yan mata nake koyarwa, jeka-ka-dawo. Muna da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan wajen Ɗansadau da Zurmi da Tsafe suka dawo cikin gari. Ba a dukansu, amma abin da ake musu ya fi duka. "'Yar gudun hijira." "Ƙanwar 'yan bindiga," musamman in yarinya Bafulatana ce. A toshe hanci in ta wuce. Akwai wata da na lura kullum a ƙasa take zama alhali akwai wuri a benci, ashe sun ce kada ta zauna kusa da su. Yarinya mai kai, ita ke fara gama lissafi. Zango biyu ta yi ta daina zuwa, da na bi sawu aka ce tana tallar awara a tasha. Ba wanda ya rubuta sunanta cikin waɗanda rashin tsaro ya raba da karatu, amma ai shi ne, da taimakon 'yan ajinsu.

Sista Rabi: Innalillahi. Malama ba a iya dawo da ita?

Malama Saratu: Na je gidan sau biyu. Uwar ta ce in ta koma wa zai ciyar da ƙannenta. Ina dai kan ƙoƙari.

Lauyan Zaure: Ku bar ni in sa baki ta ɓangarena. A takarda ba abin da babu. Akwai Dokar 'Yancin Yara ta 2003. Bayan Chibok a 2014 aka kafa shirin kare makarantu. Najeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu da aka fara a Oslo a 2015, har Abuja ta karɓi babban taronta na duniya a 2021. A shekarar ce kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da manufar tsaro da hana cin zarafi a makarantu, wadda ta haɗa harin waje da cin zalin cikin gida a wuri guda, daidai da abin da Malam Bube ke faɗi. An kuma tsara kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026. Ku tambayi firinsifal ɗin da kuka sani ko ya taɓa riƙe kwafin manufar a hannunsa.

Maman Walid, shawarata: kada ki je da baki kawai. Maganar baki a ofis take mutuwa, a ba ki haƙuri a raka ki get. Ki rubuta takarda gajera, kwanan wata, abin da aka gani a jikinsa, hoton da katin asibiti. Kwafi biyu, a sa hannu a kan ɗaya ki dawo da ita. Ki ba shugaban PTA ɗaya. In sati biyu ya wuce shiru, sai ofishin ilimi na shiyya. Kuma ki je da namiji babba, in babansa ya ƙi, ko kawunsa.

Baban Ummi: Yanzu saboda rigimar yara har da lauya da takarda? Ku yi a hankali kada a kori ɗan mutane yana gab da rubuta WAEC.

Lauyan Zaure: Ban ce a kore shi ba. Takardar don makaranta ce, ba don yaron ba. Su aka ba amana.

Malam Bube: Lauya ya yi gaskiya, amma akwai inda nika jin tsoro. In Hajiya ta kai takarda, abin da firinsifal zai yi na san shi kamar yunwar cikina. Gobe a asambili zai kira siniyan gaban kowa, a yi mai bulala goma, a ce ga abin da ya yi ma wane ɗan aji ɗaya. Shi ke nan an gama da yaron. Malamai su hau mashin da la'asar, shi kuma a bar shi da 'yan aji shida duka, ba guda ba.

Abin da ni na riƙa yi, kuma ya yi man aiki: duk ranar Asabar da sahe, bayan insifekshin, sai in ce yau duban ƙazuwa da makero za a yi. Kowane ɗan aji ɗaya da aji biyu shi cire riga shi jera. Ni da mai kula da kilinik muna bi muna dubawa. Ƙazuwar ma muna samu, ba ƙarya munka yi ba. Amma bayan da nika nema shi ne mai shata. In na gani ba ni tambayar yaron komai, ko kallo na biyu ba ni yi mai. Sai in duba wane ɗaki shike, in kira kyaftin ɗin ɗakin ofis ni da shi, in ce na ga baya kaza a ɗakinka, ba wanda ya gaya man, idona ya gani. Asabar mai zuwa in na sake gani, kai za ka amsa. Ka ga babu infoma a ciki. Cikin wata guda duka ya ragu ƙwarai. Ƙwacen gari dai ban iya hana shi duka ba, gaskiya, don yunwa gaskiya ce, abincin dainin ba ya isar ƙato ɗan shekara 18.

Hajiya Kulu: Kai Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan dabara ko a makarantar allo ta yi.

Nura Gada Biyu: Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ni na yi leba firifet. Akwai wani yaro ɗan wajen Bukkuyum, ƙarami, mai in'ina. Na sa shi ya riƙa yi min waƙa a gaban 'yan ɗaki don mu yi dariyar yadda yake sarƙewa. Ban taɓa dukansa ba, shi ya sa a lokacin ban ga laifina ba. Shekara uku da suka wuce na gamu da shi a wani banki nan Gusau, shi ne a bayan kanta. Ya gane ni, na ga hannunsa ya tsaya a kan takardar. Ya yi min aikina tsaf, bai ce komai ba, har da "a sauka lafiya". Na fito na zauna a mota na kasa tayarwa. Baban Ummi, mu da muka yi wa wasu mu ne ke cewa ba komai. Ba a taɓa tambayar su ba.

Baban Ummi: Hmm. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma har yanzu ina ganin cire yaro ba shi ne ba. In ya gudu yau, gobe ma gudu zai yi.

Sista Rabi: A nan kam ban ƙi taka ba, in dai za a gyara wurin. In ba za a gyara ba, ba jarumta a mayar da yaro inda ake fasa masa jiki.

Maman Walid: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na kai shi an wanke ciwon an ba shi magani. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko don nauyinsa nake ji. Siniyan nan ba baƙo ba ne. Ɗan maƙwabciyarmu ne, adashinmu ɗaya da uwarsa, tare muka yi goyon wasu yaran. Ranar da muka kai yaron makaranta ni da kaina na nemo shi, na kama hannun nawa na sa a nasa, na ce ga ƙaninka nan amana, har na ba shi dubu biyu. Abin da ya sa babansa ke cewa a bar maganar ke nan, kullum sahu ɗaya suke sallah da uban.

Hajiya Kulu: Tabɗi. To ai nan gizo ke saƙar. Ƙanwata, kada ki fara zuwa wurin uwar ke kaɗai, za ta kare ɗanta ne ku ɓata har abada. Kakar da ta ciro maganar daga bakin yaro, ita za ta je. Tsohuwa in ta shiga gida da sallama ta ce "zuwa na yi mu yi maganar jikokina biyu", ba mai iya yi mata tsawa.

Lauyan Zaure: A yi na gida, amma kada ya hana na makaranta. In an sasanta wannan, sauran 'yan aji ɗayan da ba su da maƙwabtaka da kowa fa?

Maman Walid: Salam, na dawo da bayani tunda kun damu da mu. Kakarsa ta je ranar Lahadi. Uwar ta yi kuka, ta ce ba ta sani ba, uban kuma ya ce zai je makarantar da kansa. Da yamma sai ga bokiti biyu an aiko yarinya da su, ɗaya ma ba namu ba ne. Jiya kawunsa ya raka ni muka kai takardar. Firinsifal ya karɓe mu da mutunci, amma da na kawo maganar malamin da zai riƙa kwana, sai ya ce Hajiya in kin samo min wanda zai yarda ki kawo shi. Na karanta masa saƙon Malam Bube na duban ƙazuwa daga wayata, ya yi dariya ya ce zai gwada, na kuma roƙe shi kada a kira sunan kowa a asambili. An canza wa yaron ɗaki. Da za mu rabu a get bai yi kuka ba, sai ya ce in na zo bizitin kada in kawo suga da yawa. Ban san yadda zan fassara wannan ba. Na ba su zuwa ƙarshen zango, in na ga sabon tabo ko ɗaya zan dawo da shi jeka-ka-dawo, ko babansa ya so ko bai so ba.

Malam Bube: Ki ce ma firinsifal kada shi bar ma firifet duban, malami shi yi da idonshi. Kuma kada a yi sati guda a bari. Batun kwana, a kai shi taron PTA. Mu a namu lokacin iyaye sunka riƙa tara kuɗin man mashin da na shayi, malamai biyu-biyu suna karɓa-karɓa, ba mutum guda a bar shi da dare shi kaɗai ba.

Abdul Tudun Wada: Taron yaushe ne? Ɗan yayata ma yana makarantar kwana, zan kira shi in ji, ko da yake na san cewa zai yi lafiya lau.

Sista Rabi: Kada ka tambaye shi a waya, siniya na tsaye a kansa, wataƙila ma wayar siniyan ce. Ka je da kanka, ka ce ya cire riga ka ga ko ya yi ƙiba.